Digirin digirgir a ƙasar waje: lissafin da ake yi kafin a bar Katsina

A duk harkar digirin digirgir a ƙasar waje, babu abin da ya kai takardar samun gurbi arha. Malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, in dai sakamakonsa na digiri na biyu ba shi da laifi, yana iya cike fom a intanet daga ofishinsa, bayan 'yan makonni imel ya shigo da takarda mai tambarin wata jami'a a Ingila. Sai a zagaya da waya ana nuna wa abokan aiki, ana ta Allah ya sanya alheri, kafin la'asar labari ya isa gida. Shafi na biyu ne ba a cika karantawa ba, inda aka rubuta kuɗin makaranta na shekara da ranar biyan kashin farko. Jami'o'in Birtaniya da yawa da kuɗin ɗaliban waje suke toshe giɓin kasafinsu, don haka bayar da gurbi bai zame musu wani abu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ke raba wanda zai dawo da digiri da wanda zai dawo da bashi tambaya uku ce: wa zai biya, da kuɗin wace ƙasa, kuma har zuwa yaushe?

Kafin a je ga amsar, sai a san cewa sunan digirin ne kawai ɗaya, tsarin kowace ƙasa daban.

A Birtaniya shekara uku ne zuwa huɗu, kusan babu shiga aji, bincike ake kamawa tun watan farko. Wajen ƙarshen shekarar farko akwai zaman tantancewa, inda kwamiti zai duba ko aikin na da makoma. Wanda bai gamsar ba ana iya mayar da shi kan ƙaramin digirin da ake kira MPhil. A Amurka shekara biyar ne zuwa shida. Biyun farko darussa ne da jarrabawa, sai kuma babbar jarrabawar cancanta, wadda in aka faɗi sau biyu galibi ana sallamar mutum da digiri na biyu. Amma sashen da ya ɗauki ɗalibi da gaske yakan yafe masa kuɗin makaranta, ya kuma biya shi alawus a kan aikin koyarwa ko na bincike na awa 20 a mako. Gurbin digirgir a Amurka da bai zo da wannan ba, ƙi ne aka yi cikin ladabi.

A Holan da Suwidin da Denmak da Norwe kuwa, aiki ne ake tallatawa kamar kowane aiki, da albashi da hutu da haraji. Shekara huɗu a Holan da Suwidin, uku a Denmak da Norwe. Maudu'in ba naka ba ne, an riga an tsara shi, kai dai ka nuna kai ne ka fi dacewa. Irin waɗannan guraben ana lika su a shafin EURAXESS da shafukan jami'o'in. Jamus ba ta karɓar kuɗin makaranta a yawancin jami'o'in gwamnati sai ɗan kuɗin zango, kuma a can farfesa ne ƙofa: in ya karɓe ka, ko dai ya ɗauke ka aiki a kan rabi ko kashi biyu cikin uku na albashin ma'aikacin bincike, ko ka zo da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai bai wa ɗaliban waje tallafin karatu. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya kulle Yuro 11,904 a asusu na musamman kafin a ba shi biza, kuɗin shekara guda ke nan.

Sai Maleshiya, inda malaman Arewa suka fi yin sansani, a jami'o'i irin su Putra da Utara da ta Fasaha da ke Johor. Rayuwa da sauƙi, abinci halal ne, masallaci na cikin makaranta, ga 'yan gida da za su tarbe ka a filin jirgi. Sai dai yawancinsu ba sa bari a zauna kare kundi sai an buga maƙala a mujallun da ke cikin Scopus, wato rumbun mujallun bincike da aka tantance, kuma wannan sharaɗin ne ke riƙe mutane shekara guda ko biyu bayan sun gama rubutu. A Saudiyya, Jami'ar Sarki Fahad da ke Dahran da KAUST suna ɗaukar nauyin ɗalibansu na kimiyya da injiniyanci gaba ɗaya, amma suna tsananta zaɓe.

Kuɗin naira da kuɗin can

Shekaru da dama, hanyar da malamin gwamnati ya sani ita ce TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Makarantarka ta sa sunanka, a amince, a ware maka kuɗi. Raunin tsarin ya fito fili bayan watan Yunin 2023, da gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ake samu a hukumance a kan naira 460 da wani abu ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A ɗauka an yi wa mutum lissafin dala dubu a wata a tsohon farashi, wato naira dubu 460. Da sabon farashi wannan kuɗin bai fi dala ɗari uku ba, kuma mai gidan haya a Serdang ta Maleshiya ko Shefil ta Ingila bai san an yi wani canji a Abuja ba. Malamai da ke Maleshiya da Indiya da wasu ƙasashe suka yi ta rubuta koke. A watan Mayun 2024 Jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kuɗi a kan lokaci, har aka umarce su da barin ƙasar. Daga 1 ga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura sababbin malamai waje, ta kafa hujja da tsadar canji da kuma waɗanda aka tura suka ƙi dawowa.

Darasin a nan na lissafi ne zalla. Duk tallafin da aka rubuta da naira, kai ne ke ɗauke da haɗarin canji. Wanda aka rubuta da kuɗin ƙasar da za ka zauna, mai bayarwa ne ke ɗauke da shi. Kafin ka sa hannu a kan kowace takarda, ka nemi a nuna maka a rubuce ko makarantar can za a biya kai tsaye, da wane kuɗi, da kuma abin da zai faru idan karatun ya wuce wa'adi.

Ragowar ƙofofin su ne PTDF, asusun gwamnatin tarayya ga masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, tallafin Commonwealth, wanda akan buɗe wajen Satumba a rufe a Oktoba, ana kuma buƙatar takardar goyon baya daga malamin da zai duba aikinka a Birtaniya, DAAD, na gwamnatin Turkiyya da ake nema tsakanin Janairu da Fabrairu, mai haɗe da shekarar koyon Turkanci, na gwamnatin Sin, na Bankin Raya Ƙasashen Musulunci. Hukumar binciken Birtaniya, UKRI, tun 2021 take barin a bai wa 'yan waje har kashi 30 cikin ɗari na gurabenta, alawus ɗinta mafi ƙaranci kuwa fam 20,780 ne a shekarar karatu ta 2025. Amma a kula: wasu guraben kuɗin makaranta na ɗan ƙasa kaɗai suke biya, ratar da ke tsakaninsa da na baƙo kuwa takan haura fam dubu goma a shekara. Idan jami'ar ba ta rubuta cewa ta yafe ratar ba, a kanka take.

Shekaru ma suna rufe ƙofa ba tare da an ji ƙararta ba. Turkiyya ba ta ɗaukar wanda ya kai 35 a matakin digirgir, Sin 40, DAAD kuma ta fi son kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida. Malamin da ya gama digiri na biyu ya zauna shekara goma yana jiran layinsa ya zo a sashe, zai tarar rabin waɗannan sun wuce shi.

Akwai wata hanya da ba a cika darajawa ba, alhali ita ta fi dacewa da mai iyali: mutum ya yi rajista a Zariya ko Kano ko nan gida, ya je waje na wani ɗan lokaci ya yi abin da kayan aikin gida ba za su iya ba. Commonwealth na da irin wannan na wata goma sha biyu, shirin Fulbright na Amurka na da na kimanin wata tara. Albashi bai tsaya ba, yara ba su bar makaranta ba, maƙalar da za ta fito kuma tana ɗauke da sunan ɗakin gwaje-gwajen can. Raina ta da ake yi, don ba a ce wane ya tafi Ingila ba, son suna ne kawai.

Neman malami

In ban da a Amurka, malami ake nema kafin jami'a. Imel ɗin da ake amsawa gajere ne. Mu mun taso da cewa rashin doguwar gaisuwa rashin tarbiyya ne, sai mutum ya cinye layi biyar yana tambayar lafiyar farfesa da ta iyalinsa, ya bi da yabon shahararsa, sannan ya ce yana sha'awar "duk wani fanni" da za a ba shi. Farfesan da ke samun irin wannan a kullum ba ya kai wa layi na uku. Wanda ake karantawa kuwa yakan ce: na karanta maƙalarka ta shekara kaza a kan ƙarancin sinadarin fosfaras a ƙasa mai yashi; ina da sakamakon gwajin ƙasa daga gonakin gero a Mashi da Mai'aduwa na damina biyu; ga tambayar da nake ganin bayanan za su iya amsawa; ina neman tallafin kaza da za a rufe ranar kaza. A haɗa da takardar tarihin karatu da shafi biyu na tsarin bincike. A nan ɗan Katsina yake da abin da ɗan Landan ba shi da shi: harshe, da sanin mutane, da isa wuraren da Bature ba zai taka ba. Shi ne jarinka.

Kai ma ka bincike shi. Ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, cikin shekara nawa? Yana dab da ritaya ne, ko kwantiraginsa na ɗan lokaci ne? Sunayen ɗalibansa suna shafin sashe. Ka rubuta wa biyu daga cikinsu ka tambaye su sau nawa suke ganinsa, kwana nawa babi yake yi a hannunsa. Babban suna mai ɗalibai goma sha biyar sau da yawa bai kai matashin malami mai ɗalibai uku amfani ba.

Takardu kuma su ke cin lokaci fiye da komai, shi ya sa ake fara shiri shekara ɗaya da rabi kafin tafiya. Cikakken sakamakon darussa na digiri na farko da na biyu sai tsohuwar jami'arka ta fitar, kuma yajin aiki ɗaya ya isa ya ɓata maka shekara. Na 2022 wata takwas ya yi. Malaman da za su yi maka shaida ana tura musu mahaɗi ne ta imel ɗin ofis, wanda wani farfesan rabonsa da buɗe shi tun da aka ƙirƙira masa, don haka sai ka taka ka je ka zauna kusa da shi a cike. Jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu take aiki, yawancin sassa na neman maki 6.5, kuma ɓangaren rubutu ne ke kayar da malamai, ba magana ba. Malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman ko ta tarayya da ke Daura da suka biyo ta HND su tambaya tun farko, domin ba kowace jami'a ke ɗaukarta a matsayin digiri ba. Haka digiri na biyun da ba a rubuta kundin bincike a cikinsa ba.

Sai matsalar da ta zama tamu ta gado: suna. A takardar sakandare Muhammadu Sani, a digiri Mohammed Sani Kankia, a katin ɗan ƙasa Muhammad Sani Abdullahi, ranar haihuwa kuma ɗaya ga Janairu a nan, wata daban a can. Mu mun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar ofishin biza ba ta sani ba. A daidaita fasfo da lambar NIN tun da wuri, a yi rantsuwar kotu a kan bambancin, a riƙa tura ta tare da takardun tun daga neman gurbi.

Biza da iyali

A ɗauki Birtaniya misali, tun da alƙalumanta a fili suke. Bayan jami'a ta ba da lambar CAS, wadda ke tabbatar wa ofishin biza cewa ta karɓe ka, sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, a Abuja ko Legas. Masu injiniyanci da kimiyyar lissafi da sinadarai da wasu sassan kwamfuta sai sun sami izinin ATAS, wato tantancewar tsaro ta gwamnatin Birtaniya, kyauta ne amma yakan ci makonni shida ko fiye, kuma in maudu'in bincike ya canza sai an sake nema. Wanda tallafinsa bai rufe duka kuɗin ba zai nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata tara. A ƙa'idar Janairun 2025, fam 1,136 ne a wata ga wanda ba a Landan zai yi karatu ba, wato fam 10,224, kuma ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci. Kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu ba tare da ya ragu ko na yini ɗaya ba. Asusun kuma ya zama naka ko na mahaifi ko mahaifiya. Na kawu ko na babban yaya ba ya aiki, ko da shi ne ya riƙe ka tun kana yaro.

Tun Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, amma an bar wa masu digirgir. Ga lissafin mai mata ɗaya da yara biyu: kowane mutum fam 680 a wata, wata tara, ya kama fam 18,360 a kan naka. Kuɗin inshorar lafiya fam 776 ne a shekara ga kowane kai, kuma na duka shekarun ake biya gaba ɗaya kafin a ba da biza; mutum huɗu, shekara huɗu, fam 12,416. Idan fam na naira dubu biyu, inshorar kaɗai ta doshi naira miliyan 25, ba a sayi tikiti ba, ba a kama gida ba. Mata ɗaya kaɗai doka ta sani. Aure sai da takarda, haihuwa sai da ta Hukumar Ƙidaya, yaro kuma ba a cika ba shi biza ba in ɗaya daga cikin iyayensa zai zauna a gida. Malama mai niyyar tafiya da jariri ta bar maigida a Katsina ta san wannan tun kafin ta biya ko sisi, ta kuma tambayi kuɗin gidan renon yara, wanda a can yakan yi gogayya da kuɗin haya.

A Amurka matar ɗalibi mai bizar F-2 ba ta da izinin aiki sam. A watan Yulin 2025 kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, ƙa'idojin kuma sai ƙara tsauri suke yi. Ga mai binciken da zai zo gida tattara bayanai, ma'anarsa a lokacin ita ce duk fitowa sai ya sake neman biza, ba kuma tabbas zai samu.

Awa 20 ɗin da aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako na iya biyan cefane. Ba ta biyan kuɗin makaranta, kuma mai kwana yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi ba ya wayar gari ya rubuta babi. Ga kuma 'yan uwa, waɗanda a wurinsu duk wanda ke waje fam yake shara: kuɗin asibiti, na taki, na biki, na ragon layya. Wanda bai zaunar da su ya faɗa musu adadin alawus ɗinsa da kuɗin hayarsa ba kafin ya tafi, zai yi shekara huɗu yana zaɓe tsakanin zumunci da kuɗin ɗumama ɗaki.

Kunya da "to"

A jami'o'inmu ɗalibi yakan jira malami ya kira shi. In an yi masa gyara ya ce "to, ranka ya daɗe", ko bai gane ba, ko bai yarda ba. A can wannan ladabin ana karanta shi a matsayin rashin abin cewa. Ɗalibi ne ke kiran zama, ya tura abin da ya rubuta kwanaki kafin ranar, ya rubuta abin da aka cimma ya aika a tabbatar. A Birtaniya wannan rubutun ma shi ne shaidar da jami'a ke riƙewa cewa mai biza yana karatu. Idan malami ya ce wani sashe "yana da ban sha'awa, amma ƙila ka sake tunani", ba yabo ba ne, cewa yake a rushe shi. Mafi munin abin da ke faruwa shi ne ɓuya: gwaji ya ƙi, ko an yi rasuwa a gida hankali ya tashi, ko duhun hunturu da kaɗaici sun danne mutum, sai ya daina amsa imel don kunya, wata uku, wata huɗu. Alhali akwai tsarin dakatar da karatu na ɗan lokaci, wanda ke tsayar da agogon wa'adi, sai dai a tuntuɓi ofishin biza na jami'a tukuna, domin dogon hutu na iya sa a soke izinin zama.

Kwafe kuma ba a yi masa uzuri. Har abin da ka ɗebo daga kundinka na digiri na biyu ba tare da ka ambata ba, laifi ne. Mujallun da ke karɓar dala ɗari su buga maƙala cikin mako biyu, waɗanda wasu suka tara don ƙarin girma, gara a cire su daga takardar tarihin karatu. Masu tantancewa sun san su, kuma suna rage wa mutum daraja ne.

Idan filin binciken Katsina ne

Nan ne jadawalin da aka zana a kwamfuta ke karo da ƙasa. Ofishin harkokin wajen Birtaniya ya daɗe da sanya jihar Katsina cikin wuraren da yake gargaɗin kada a je, inshorar jami'o'i kuma da wannan gargaɗin take aiki. Sai ɗan Batsari ya ga kwamiti na muhawara a kan ko za a bar shi ya je garinsu. Ana samun izini, amma sai da takardar auna haɗari mai gamsarwa: inda za a kwana, hanyar da za a bi, wanda za a kira, da abin da za a yi in hanya ta rufe. Mai hankali yakan tanadi wuri na biyu tun a tsarin bincike, in Safana ko Jibiya ta gagara a koma wajen Daura ko Mani, ya kuma horar da mataimaka biyu ko uku na gida. A tuna cewa a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, duk mai dogaro da hira ta waya a lokacin ya tsaya cik.

Izinin ɗa'ar bincike biyu ne, na can da na nan, masu harkar lafiya kuma sai sun bi ta ma'aikatar lafiya ko kwamitin asibitin da za su yi aiki. Takardar neman yarda a fassara ta da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, a kuma nemi kwamiti ya amince da yarda ta baki ko dangwale, domin mutane da yawa na tsoron sa hannu a takarda. Kafin a yi tambaya ko ɗaya sai an gaida hakimi da dagaci. Fitar da jini ko ƙasa ko iri zuwa waje na buƙatar yarjejeniya da izinin shigarwa, ba a cusa su a jaka.

Mai binciken noma kuwa damina ɗaya yake da ita a shekara, daga Yuni zuwa Satumba. Idan izini ya makara da wata biyu, shekara ce ta tafi, alawus kuma bai san da haka ba.

Shekarar da babu mai biya

Yawancin tallafi shekara uku ne ko uku da rabi, yawancin kundaye kuwa sai a ta huɗu suke kammaluwa. A wannan tazarar ake rasa mutane. Alawus ya tsaya, biza na ƙarewa, sabunta ta na nufin sabon kuɗin inshora ga kowa da kowa, makarantarka ta gida kuma ta rubuto cewa hutun karatu ya ƙare. Maganinsa tun shekarar farko ake fara shi: a riƙa ware wani abu kowane wata, a rubuta babi-babi ana tafiya, a mayar da iyali gida kafin watannin ƙarshe in ya zama dole. Bayan miƙa kundi ma akwai jiran wata biyu ko uku kafin zaman kare shi. A Birtaniya mutum biyu ne za su titsiye ka, ɗaya na ciki ɗaya na waje, awa biyu zuwa huɗu, shafi bayan shafi. Kaɗan ne ke wucewa babu gyara. Ƙaramin gyara wata uku ne, babba wata shida zuwa shekara, kuma ana iya yin sa daga Katsina in akwai wuta da intanet.

Dawowa ma da nata takardun. Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi, kuma tun da wani ɗan jarida ya sayo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da karɓar na Benin da Togo a Janairun 2024, ido ya ƙara buɗewa a kan kowa. Wanda ya tafi da hutun karatu da albashi ya sa hannu a kan zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, a wasu makarantun ma ninkin waɗanda ya yi a waje. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya ƙi dawowa, abokan aikin da suka tsaya masa ake bi, kuma na bayansa a sashe su ke biyan sauran.

Wanda ya dawo kuma zai tarar da aji mai ɗalibai ɗari uku da ɗakin gwaji da na'urar da ya yi shekara huɗu a kanta ba ta ciki. Shi ya sa watanni shidan ƙarshe a can ba na rubutu kaɗai ba ne. A cikinsu ake roƙon malami ya bar maka matsayin baƙon mai bincike don kada a rufe maka laburaren intanet, a kwashe bayanai da izini a rubuce, a kuma tsara neman tallafin haɗin gwiwa na farko tare da shi tun yana ganin fuskarka kullum. Daga ranar da aka rufe imel ɗinka na jami'ar, amsar da kake samu cikin yini ɗaya takan koma ta wata guda.